An rage wa Baba maganin ciwon daji zuwa rabi, Yaya ya ce likitoci sun sallama shi

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 63. An yi masa aikin ciwon daji a babban hanji, likita ya ce an cire abin, amma sai ya sha magani na wasu watanni don kada ya dawo. Aka ba shi ƙwayar Xeloda, manya huɗu da ƙarama ɗaya da safe, haka kuma da dare. Bai cika mako guda yana sha ba bakinsa ya fashe da gyambo, ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa, sai kuma zazzaɓi. Aka kwantar da shi. Da ya farfaɗo aka gwada jininsa, takardar ta nuna wai yana da ƙarancin wani abu da ake kira DPD. Yanzu an ce zai koma kan maganin, amma manya biyu kawai.

Babban yayanmu ya ce wannan yaudara ce, rabin magani ba ya kashe ciwo, likitoci sun sallama Baba ne suna lallaɓa mu. Hujjarsa, akwai wani dattijo da muke haɗuwa da shi a asibiti, ya girmi Baba kuma bai kai shi jiki ba, yana shan cikakken adadi lafiya lau. Ragowar ƙwayoyin farko suna gida, Yaya yana so a riƙa ƙara wa Baba ɗaya ba tare da likita ya sani ba. Gwaggonmu kuma ta ce a bar maganin gaba ɗaya a ba shi haɗin ganye mai wanke hanta. Ni kuwa abin da ke hana ni barci, ni na saya masa ƙwayar bitamin mai folik asid don ya sami ƙarfi, daga baya na ji an ce ba a haɗa su. Shin ni na jawo masa? Kuma wani likita daban ya ɗora shi kan wafarin, maganin tsinka jini, saboda jini ya daskare masa a ƙafa bayan aikin. Yaya zan yi?

'Yarku mai damuwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan jinya.

Kafin komai, ki tattara ragowar ƙwayoyin nan yau, ki ɗauke su daga inda hannun kowa zai kai, ki mayar wa mai harhaɗa magunguna na asibitin idan kun koma. Ƙwaya ɗaya da Yaya yake gani ba komai ba ce, miligiram 500 ce. A kan manya biyu da aka yanka wa Baba, ƙarin ɗaya na nufin an ɗaga masa magani da rabin abin da yake sha, a jikin da ya riga ya nuna a fili cewa ba ya iya fitar da shi. Wancan karon an ci sa'a an kai shi asibiti da wuri. Mutane suna mutuwa ta wannan hanya, kuma ba ciwon dajin ke kashe su ba.

Yaya ba mugu ba ne, lissafi yake yi irin na mai hankali: huɗu ta fi biyu. Inda lissafin ya karkace shi ne yana ƙirga abin da ya shiga baki. Ciwon daji kuwa bai san abin da ya shiga baki ba. Abin da ya sani shi ne yawan maganin da ke yawo a cikin jini da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya fita. Tsakanin baki da jini akwai hanta, kuma hantar wani ba ta wani ba ce.

Ƙwayar da Baba yake sha, sunan maganin da ke cikinta kafesitabin. Ita kanta ba ta kashe komai. Sai ta ratsa hanji ta shiga jini, jiki ya juya ta sau uku, matakin farko a hanta, na ƙarshe kuma ta hannun wani sinadari da ya fi yawa a cikin tsiron dajin, sannan ta zama ainihin maganin, wato 5-FU. Shi 5-FU tsoho ne, tun 1957 Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka haɗa shi a Amurka, kuma har gobe shi ne ginshiƙin maganin dajin hanji. Da galibi ta jijiya ake ba da shi, a 1998 kuma aka amince da kafesitabin, wanda mutum zai iya sha a gida. Aikinsa yaudara ne: yana kama da ɗaya daga cikin tubalan da ƙwayar halitta ke buƙata idan za ta rabu biyu, sai ta ɗauke shi, aikin rabuwar ya tsaya. Duk ƙwayar da ke saurin rabuwa abin yana shafarta. Ta daji tana ciki, amma haka ma fatar cikin baki, da bangon hanji, da ɓargon da ke haifar da fararen ƙwayoyin jini. Ki dubi abin da ya sami Baba: gyambon baki, gudawa, zazzaɓi saboda masu kare jiki sun ragu. Maganin ne yake aikinsa, amma ya wuce gona da iri.

Abin da ke hana shi wuce gona da iri a jikin yawancin mutane shi ne wannan DPD da kika gani a takarda. Enzaim ne, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa don sarrafa wasu abubuwa, kuma ya fi yawa a hanta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na 5-FU da ya shiga jiki, DPD ne ke farfasa shi ya mayar da shi abin da ƙoda za ta fitar a fitsari. Yana da sauri ƙwarai, a mai lafiyayyen DPD cikin minti 10 zuwa 20 rabin maganin da ke jini ya tafi. Saboda haka adadin da aka rubuta a littafi an yi shi ne da sanin cewa mafi yawansa zai salwanta a hanya, ɗan abin da ya rage shi ke yaƙin. Kamar mai zuba ruwa a kwano mai huji ne yana so ruwan ya tsaya a wani layi. Idan hujin ya toshe rabi ya ci gaba da zubawa yadda ya saba, ambaliya zai yi. Ya rage zubi da rabi, ruwan ya tsaya a layin nan dai da ake so.

To Baba hujinsa rabi ne. Ga dukkan alamu an haife shi da haka, gadonsa ya yi daga uwa ko uba, kuma ya yi shekara 63 bai sani ba domin babu abin da yake hana mutum a rayuwar yau da kullum. Dattijon da kuke gani a asibiti nasa a buɗe yake. Manya huɗu a jikinsa da manya biyu a jikin Baba suna iya ba da kusan ma'auni ɗaya a cikin jini. Wannan ba lallashi ba ne, an auna. A 2018 masu bincike a ƙasar Holan suka wallafa sakamakon bin marasa lafiya 1,103 da aka gwada kafin a fara musu irin wannan magani. An sami 85 daga cikinsu ɗauke da gadon ƙarancin, aka rage musu adadi tun daga farko, kuma da aka auna jinin wasunsu aka ga maganin da ke yawo ya yi daidai da na masu shan cikakken adadi. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a riƙa gwada kowa kafin a ba shi 5-FU ko kafesitabin. A ƙiyasinta, cikin Turawa har kashi 9 cikin 100 suna iya samun ƙarancin, waɗanda ba su da shi gaba ɗaya kuwa ba su wuce rabin kashi ɗaya ba, kuma su ba a ba su maganin ko kaɗan.

Kina iya tambaya, to me ya sa tun farko aka ba Baba adadin da ya fi ƙarfinsa? Domin yadda ake yanka maganin daji tsohon yayi ne. Ana auna tsawo da nauyi, a fitar da faɗin fatar jiki, a ninka da miligiram 1,250 kan kowace murabba'in mita. Mutum matsakaici sai ya tashi da 2,150 a kowane sha, wato manyan nan huɗu da ƙarama ɗaya da kika ƙirga. Lissafin faɗin fatar kansa ya samo asali ne daga wani aiki na 1916 da aka yi a kan mutum tara kacal. Yana gaya maka girman mutum, ba ya gaya maka komai game da hantarsa. Ni a ganina duk inda gwajin yake samuwa bai kamata a fara wannan magani ba tare da shi ba, amma har yanzu ƙasashe da asibitoci ba su zama ɗaya a kan haka ba, kuma likitan da ya bi adadin littafi bai yi ganganci ba. Abin yabo ma shi ne da abin ya faru bai ce kawai Baba ba shi da juriya ba, ya nemi dalili.

Akwai ƙwayar gaskiya ɗaya a damuwar Yaya, kuma gara ki ba shi ita da kanki. Ƙarancin DPD hawa-hawa ne, akwai wanda rabi ya yi masa daidai, akwai wanda rabi ya yi masa kaɗan. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a fara ƙasa, a duba yadda jiki ya ɗauka a zagaye ɗaya ko biyu na shan maganin, idan baki lafiya, ciki lafiya, gwajin jini ya yi kyau, sai likita ya ɗan ƙara. Ke nan ƙarin da Yaya yake so yana iya zuwa, amma ta hannun wanda yake riƙe da sakamakon jini. Idan aka ƙara a ɓoye, an lalata wannan awon gaba ɗaya. Baba ya sha uku likita yana zaton biyu, jikinsa ya rikice, likita ya ce ashe rabin ma ya yi masa yawa, ya dakatar da maganin ɗungurungum. Abin da Yaya yake tsoro, shi zai jawo da hannunsa.

Game da cewa an sallama Baba, ki tuna masa abin da aka faɗa muku tun farko: an cire tsiron, maganin nan na share abin da ido bai gani ba ne. Likitan da ya fid da rai ba ya ɓata lokacin aika jini gwaji don ya gano adadin da zai dace.

Yanzu ke. A'a, ba ke kika jawo masa ba. Ba zan ce miki bitamin ɗin ba shi da hannu ko kaɗan ba, domin folik asid yana ƙara wa 5-FU kaifi da gaske. Yana sa maganin ya manne wa sinadarin da yake toshewa ya ƙi saki, har ma likitoci da gangan suke haɗa 5-FU na jijiya da wani ɗan'uwan folik asid don ya ƙara ƙarfi. Saboda haka ne ake cewa mai shan kafesitabin ya guji ƙarin folik asid sai da izinin likita. Amma ɗan abin da ke cikin ƙwayar bitamin ta yau da kullum, idan aka ajiye shi kusa da hantar da ke fitar da rabin abin da ya kamata, ƙaramin alhaki ne. Ko ba ki sayi komai ba, mai ƙarancin DPD da ya sha cikakken adadi yana cikin babban haɗarin kwanciya. Abin da ya rage miki shi ne ki ɗauki kwalbar ki nuna wa likita, ki faɗi tsawon lokacin da Baba ya yi yana sha. Ba don a tuhume ki ba. Yana buƙatar sanin haka ne wajen yanke ko akwai damar ƙara adadi nan gaba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne wanda kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato wafarin. Haɗuwarsa da kafesitabin sananniya ce, har akwai gargaɗi na musamman a takardar maganin. Kafesitabin yana danne enzaim ɗin hanta mai suna CYP2C9, wanda shi ke fitar da wafarin. Sai wafarin ya taru, jini ya tsinke fiye da yadda ake so, mutum ya fara zubar jini ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ko ta cikin hanji inda ba a gani sai bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta. Abin yana iya bayyana cikin 'yan kwanaki, yana iya ɗaukar watanni, yana ma iya zuwa bayan an daina kafesitabin. Tunda likitoci biyu ne suka rubuta, kada ki ɗauka kowannensu ya san da na ɗan'uwansa. Ki kira likitan daji kafin Baba ya haɗiyi ƙwayar farko ta sabon zagaye, ki ce masa a fili: Baba yana shan wafarin. Ko dai ya sa a riƙa gwajin INR, wato awon yadda jini ya tsinke, akai-akai ana daidaita adadi, ko ya canza masa zuwa wani maganin tsinka jini, galibi allurar hefarin da ake yi a ƙarƙashin fata. Kada ku dakatar da wafarin da kanku, daskararren jinin ƙafa yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Wannan ya kawo mu ga Gwaggo. Barin maganin gaba ɗaya shawara ce da Baba kaɗai yake da ikon yankewa, bayan likita ya gaya masa abin da zai samu da abin da zai rasa. Haɗin ganye kuwa, matsalarsa ba wai ganye ba ya aiki ba ne. Yana aiki, kuma a hantar nan dai yake aikin. Akwai wani ganye da ake sayarwa a Turai da Amurka don rage damuwa, St John's wort. A 2002 masu bincike a birnin Rotadam na ƙasar Holan suka ba wasu masu ciwon daji shi tare da irinotekan, wani maganin dajin hanji, sai sinadarin da ke kashe dajin ya ragu a jininsu da kashi 42 cikin 100, domin ganyen ya zaburar da hanta ta yi saurin zubar da maganin. Ruwan garehul kuma, wani babban lemo mai ɗan ɗaci, akasin haka yake yi wa wasu magungunan dajin da ake haɗiya, yana danne enzaim ɗin da ke fitar da su sai su taru. Waɗannan an san su ne don an zauna an auna. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ba wanda zai iya ce miki hagu zai ja ko dama, ga kuma wafarin a gefe wanda ganyaye da yawa ke rikita shi. Hantar Baba ba datti ne da ita ba balle a wanke. Gwaggo tana neman hanyar da za ta taimaka ne, ki ba ta wani aikin, ta kula da shan ruwansa da cin abincinsa.

Ba ganye kaɗai ba, har maganin asibiti. A Japan a 1993 aka fito da sorifudin, maganin ƙurajen nan masu zafi da ke bin jijiya su fito a gefe ɗaya na jiki. Cikin 'yan makonni mutane fiye da goma masu shan dangin 5-FU suka mutu, domin abin da sorifudin ke rikiɗewa ya zama a hanji yana kashe DPD gaba ɗaya. Aka janye shi daga kasuwa, amma ɗan'uwansa birifudin yana nan a wasu ƙasashe, kuma masu shan maganin daji suna yawan samun irin waɗannan ƙuraje. Haka fenitoyin na farfaɗiya yana taruwa idan an haɗa shi da kafesitabin, alofurinol na ciwon gaɓoɓi kuma ana gudun ya rage masa ƙarfi. Ba sai kin haddace sunayen ba. Ki sami leda ɗaya ki zuba duk abin da Baba yake haɗiya ko shafawa ko ɗigawa, da kwalayensu, har na ciwon kai, ki ajiye a teburin mai harhaɗa magunguna ya duba ɗaya bayan ɗaya.

Idan aka koma shan maganin, rabin adadi bai cire haɗari ba, ya rage shi ne. Ya sha cikin minti 30 bayan cin abinci, da ruwa, a haɗiye ba a tauna ko daka ba. Kwana 14 ana sha, 7 ana hutu, kuma hutun nan yana cikin maganin, kada wani ya cike shi. Wanda aka manta ya wuce, ba a ninkawa. Ki riƙa leƙa cikin bakinsa da fitila kowace safiya, ki dubi tafin hannu da na ƙafa ko sun yi ja suna zafi. Idan bayan gida ya ƙaru da sau huɗu a rana kan yadda ya saba, ko gudawa ta tashe shi da dare, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, ko gyambo ya hana shi ci, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ko ƙirji ya riƙe, a dakatar da ƙwayar nan take a kira asibiti, ba a jira ranar ganin likita. Saurin yana da dalili. Gudawa tana busar da jiki, ƙoda ta raunana, ita kuwa ƙoda ita ke fitar da ragowar maganin, sai abu ya riƙa ciyar da kansa. Don haka ma a nisanci magungunan rage ciwo irin su ibuforofen da dikulofenak a irin wannan hali. Akwai kuma makari, yuridin tirayasitet, da aka amince da shi a Amurka a 2015, amma an tsara a fara shi ne cikin awa 96 daga sha na ƙarshe, kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Ki tambaya tun yanzu ko naku yana da hanyar samunsa.

Shi kuma Yaya, kada ki tsaya musu da shi a gida, ƙanwa ba ta cika cin irin wannan gardama ba ko tana da gaskiya. Ki roƙe shi ya raka Baba ganin likita na gaba, ya yi tambayarsa da bakinsa: wannan rabin zai yi aiki, kuma yaushe za a duba yiwuwar ƙarawa? Mai tsoron rasa uba ya fi saurin sauka idan an ba shi amsa ido da ido. Kuma ku sa Baba a cikin maganar. Ana ta shawara a kansa, wani zai ƙara masa a ɓoye, wata za ta canza masa, alhali mutum ne mai hankalinsa kuma jikinsa ne.

Ki karɓi kwafin takardar gwajin ki adana, domin ba ta Baba kaɗai ba ce. Idan ta gado ce aka tabbatar, kowane ɗa nasa, har da ke da Yaya, yana da damar rabi da rabi ta ɗaukar abin, haka 'yan'uwansa na jini irin su Gwaggo idan ciki ɗaya suke. Ba ciwo ba ne, ba ya buƙatar magani, amma duk wanda wata rana aka ce za a ba shi 5-FU, kafesitabin, tegafur ko fulusaitosin na ciwon fangas, ya faɗa kafin a fara. Ya kuma tambayi irin gwajin da za a yi masa. Wanda aka fi yi yana neman sauye-sauye huɗu ne a ƙwayar gadon DPYD, wadda ke sa jiki ya ƙera DPD, kuma a jikin Turawa aka gano su. Akwai wani sauyin da ake samu a 'yan asalin Afirka wanda ba kowane ɗakin gwaji ke dubawa ba, ga shi wani bincike na 2006 a Amurka ya sami ƙarancin DPD a kusan kashi 8 cikin 100 na baƙaƙen fata da aka gwada, a fararen kuma ƙasa da kashi 3. Saboda haka takardar da ta ce ba a ga komai ba, ba ta wanke mutum sarai ba. Akwai gwaji na biyu da ke auna yawan yurasil a jini, wato wani sinadarin jiki da DPD ke farfasawa, gwajin da ke nuna yadda enzaim ɗin yake aiki ko da wane irin sauyi ne, shi Faransa ta wajabta tun 2019, kuma shi ya kamata a nema idan akwai shakka.